Muna share maganin sauro muna kaiwa juji

Ƴan uwa, damina na tafe, kuma duk wanda ya tashi a Damargu ya san abin da ke bin bayanta. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da ciyawa ta rufe daji, shanu suka murmure, gero ya fidda kai, a lokacin ne gidajen likita ke cika maƙil da yara. Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko, Belbeji, Tenhiya, duk labari guda ne: jiki zafi rau, amai, jijjiga, ido ya yi fari fat, a ce sai an ƙara jini. Wanda ke kusa da gari a ɗauko shi bisa babur ko amalanke. Wanda ke can ruga a dajin Tenhiya, da tafiyar wuni tsakaninsa da ƙaramar likita, sau da yawa ba ya isowa. Mun saba da abin har ya zame mana kamar haraji, wasunmu ma har yau tumu suke ɗora wa laifi, ko nonon sabuwar ciyawa. Sauro ne, jama'a. Sauron kuma a cikin ruwan da ke kwance bayan gidajenmu ake haihuwarsa.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum wajen 597,000 a duniya, kuma fiye da rabin waɗannan gawarwaki ƙasashe huɗu ne suka binne su: Najeriya, Kwango, Nijar da Tanzaniya. Ku duba fa. Nijar da ba ta cika mutum miliyan 30 ba, ga ta a sahu ɗaya da Najeriya mai sama da miliyan 200. Kusan kashi 6 cikin 100 na mamatan duniya namu ne, mafi yawansu kuwa yaran da ba su kai shekara 5 ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne akwai wani makami da aka gwada a cikin ƙasar nan, da itacen da ke tsaye ƙofar gidajenmu, ya nuna yana aiki, sannan muka bar shi a takarda. Dogon yaro nake nufi, bedi, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira darbejiya ko maina.

A ƙauyen Banizumbu ne, kimanin kilomita 60 gabas da Yamai. Masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da cibiyar CERMES ta Yamai sun yi daminar 2005 da ta 2006 suna kama sauro da tarko a can da kuma wani ƙauye mai suna Zindaru, suna ƙirgawa, suna auna ruwan sama, har suka san kowane kududdufi da yadda yake cika da yadda yake ƙafewa. Da daminar 2007 ta zo, sai aka tsinto ƴaƴan dogon yaro na ƙauyen, aka busar, aka dake, ana barbaɗa garin bisa ruwan da sauro ke haihuwa a ciki sau biyu a mako. Zindaru ba a zuba masa komai ba, don a samu abin kwatantawa. Da aka yi lissafi, matan sauron da ke ɗauke da cutar sun ragu da kashi 49 cikin 100 a Banizumbu idan aka gwada da shekaru biyun baya. A Zindaru kuwa babu abin da ya canza. An wallafa sakamakon a 2008 cikin mujallar Malaria Journal, da sunayen Rebecca Gianotti, da Elfatih Eltahir ɗan ƙasar Sudan, da Jean-Bernard Duchemin, da ɗan ƙasarmu Ibrahim Issa-Arzika, da abokan aikinsu. Yana nan a intanet kyauta, duk mai waya da ɗan Ingilishi zai iya karantawa.

Rabin sauron gari, da abin da muke sa yara su share kowace safiya su kai juji!

Bari in bayyana yadda abin ke aiki, don kar wani ya ce tsafi ne ko tatsuniya. Macen sauro, wadda ita ce ke cizo, takan zuba ƙwai bisa ruwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama ƴar tsutsa, irin waɗanda kuke gani suna wutsil-wutsil a kududdufi. Wannan tsutsa sai ta saɓa fata sau huɗu kafin ta zama abin da zai fidda fiffike, kuma da zafin ƙasarmu duk wannan kan kammala cikin mako guda zuwa kwana goma. A cikin ƙwallon dogon yaro akwai wani sinadari da ake kira azadiraktin. Ba ya kashe tsutsar nan take kamar guba. Abin da yake yi shi ne ya rikita mata saɓar fatar: ta rage ci, ta kasa fita daga tsohuwar rigarta, ta mutu a ciki, ko ta fito nakasasshiya ba ta iya tashi. Tsutsar sauron maleriya kuma tana da wata ɗabi'a da ta ba mu sa'a a kanta. Kwanciya take yi shame-shame a saman ruwa, a nan take cin abincinta, saɓanin tsutsar sauron kwata mai rataye kai ƙasa. Ke nan garin da ke yawo a saman ruwa a bakinta yake faɗawa. Rauninsa ɗaya ne: rana na lalata sinadarin cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa aka riƙa zubawa sau biyu a mako. Wanda ya zuba sau ɗaya ya koma ya kwanta, wahalar banza ya yi. Kuma ƙarfin yana cikin ƙwallon ne, na ganye kaɗan ne ƙwarai.

Na san abin da masana za su ce, kuma suna da gaskiya: ƙauye ɗaya ne, damina ɗaya ce, sannan sauro aka ƙirga, ba a ƙirga yaran da suka kamu ba. To, madalla. Wanda ya ga gona ta yi kyau a shekara ɗaya, me yake yi? Sake shuka irin yake a gona biyar ya gani. Yaran da aka haifa a daminar da aka yi gwajin nan yau sun isa aure, mu kuwa a Damargu ba mu ga wanda ya zo da turmi da littafin lissafi ya ce bari a sake gwadawa ba. Hujjar cewa gwajin ƙarami ne hujja ce ta a faɗaɗa shi. Yaya aka yi ta zama hujjar yin shiru?

Kuma in akwai inda wannan dabara ta dace, Damargu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce yaƙi da tsutsar sauro ya fi amfani inda wuraren haihuwarsa ba su da yawa, ba sa canza wuri, kuma ana iya gano su. A Gaya ko bakin kogin Kwara, inda gonakin shinkafa da fadamu suka malale ko'ina, aiki ne mai wuya. Mu fa? Ruwan samanmu bai taka kara ya karya ba, daminarmu wata uku ce in ta yi kirki, ƙasarmu galibi rairayi ce mai shanye ruwa. Inda ruwa ke kwanciya kowa ya san shi. Ramin da aka ɗebi ƙasar bulo a bakin gari. Ramukan da masu aikin hanya suka bari gefen titin Damagaram zuwa Agadas. Sawun taya a hanyar kasuwa. Caɓin da ke kewaye da rijiya da famfo da kwamin shayar da dabbobi, inda kofato ke barin ƴan ramuka, kowanne cike da ruwa mai ɗumi da rana ke duka, irin wanda sauron maleriya ya fi so. Ka tambayi duk wani yaro mai kiwon awaki a Belbeji, zai zana maka taswirarsu a ƙasa da tsinke, har ya gaya maka wanda ke riga ƙafewa. Wannan ilimi ne da wasu ƙasashe ke kashe kuɗi da jirage marasa matuƙi don su samu.

Bin sauro cikin ruwa ba sabon abu ba ne. A 1930 aka ga sauron Afirka ya tsallaka teku ya sauka a birnin Natal na Barazil. A 1938 ya haddasa annobar da ta kashe dubban mutane. Suka ɗebi ma'aikata, suka raba ƙasa gunduwa-gunduwa, kowane mutum da kududdufansa da mai duba aikinsa, kafin ƙarshen 1940 sun kawar da shi. Guba mai haɗari suka yi amfani da ita, wadda ba wanda zai yarda da ita yau. Abin koyi a wurinsu shi ne tsarin: mutum, da ruwan da aka damƙa masa, da ranar zuwa.

To me ya hana mu? Ni dai ga abin da nake gani, wanda ke da wata amsa ya kawo. Ƙwallon dogon yaro ba shi da uban gida. Ba a shigo da shi ta tashar jirgin ruwa, babu kwangila a cikinsa, babu kamashon kowa, babu kwali mai tambarin da za a ɗauki hoto a gabansa. Duk abin da ba a saye da dala ba, a idon wasu manyanmu bai cika magani ba. Kuma mun ga yadda ake yi: furoje ya zo da kat-kat, a tara mutane a zauren taro, a raba riga da hula da kuɗin zama, a yi jawabi kan "shigar da al'umma cikin yaƙi da maleriya", a ci abinci, a watse. Al'ummar da za a shigar tana can tana share maganin tana ƙonawa. Wallahi kuɗin irin wannan taro guda ɗaya sun isa a biya matan ƙauye biyar ladan tsinta da daka na damina sukutum.

Akwai kuma masu taɓe baki da zarar an ambaci itace, wai "maganin gargajiya". Ina so in tambaye su: maganin da ke jikin sangen da kuke rabawa, daga ina asalinsa? Kwaikwayon sinadarin wani fure ne mai suna fairetiram, wanda manoman Kenya suka daɗe suna nomawa suna sayar wa duniya. Kinin da kakanninmu suka sha, ɓawon wani itace ne na Kudancin Amurka. Maganin da ake ba yaranmu yau idan gwaji ya nuna cutar, tushensa wata ciyawa ce ta ƙasar Sin, kuma matar da ta fito da shi, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Shi kansa dogon yaro, wani Bajamushe ne masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan a 1959 cewa fara ta cinye komai ta bar shi tsaye da ganyensa. A 1968 aka ware sinadarin a wata jami'a ta Ingila. Daga baya wani kamfanin Amurka, W. R. Grace, tare da ma'aikatar noman ƙasarsu, suka yi rajistar mallakar wani maganin feshi na man dogon yaro a Turai. Sai da ƴan gwagwarmayar Indiya irin su Vandana Shiva da abokansu suka kai ƙara aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Wato Bature ya ga abin ya kai a yi shari'a a kansa shekara da shekaru, mu kuma muna jin kunyar ambatonsa a gaban likita.

Ba ma sai mun je Indiya ba. Manoman wake da masu lambu a jihar Maraɗi da nan Damagaram sun san jiƙa dakakken ƙwallon bedi a tace a yi feshi, RECA ma ta fitar da takardun da ke koyar da yadda ake haɗawa. A kwarin Majiya ta jihar Tawa, tun 1975 aka shiga dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, suna nan kilomita bisa kilomita. Malaman gona sun karɓi itacen nan tuntuni. Ɓangaren lafiya ne bai waiwaye shi ba.

Wani zai ce ai muna da sange, ga maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara, ga allurar rigakafin da aka ƙaddamar a Gaya a watan Satumba na 2024. Haka ne, kuma duk wanda ya ce a bar ɗaya daga cikinsu maƙiyin yara ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya game da sangen. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 Nijar ta raba sange mai magani sama da miliyan 2 a faɗin ƙasa, haɗe da rigakafin shan inna. Aiki ne babba, ya ceci rayuka. Sai dai masu binciken CERMES sun bi sawu, kuma a 2008 suka wallafa cewa wani canjin halitta da ke sa sauro jure wa maganin sangen yana ƙaruwa a ƙasar bayan rabon. Tun daga nan ake tsere: a sake sinadari, sauro ya saba, a kawo sabon sange mai tsada fiye da na da. Sannan sange na kare wanda ke cikinsa ne. Mu mutanen hira ne a tsakar gida har dare ya raba. Makiyayi a dajin Tenhiya a fili yake kwana kusa da dabbobinsa, kusa da ruwa, rabon ma sau da yawa kan same shi ya tashi. Sauron da aka kashe tun yana tsutsa ba ruwansa da ko kana ciki ko kana waje.

Kuma duk waɗannan kaya, wa ke biya? Galibi kuɗin waje ne. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare da sa hannu guda, daga baya aka rufe hukumar USAID, alhali Nijar na cikin ƙasashen da shirin Amurka na yaƙi da maleriya ke taimaka wa. Safiya ɗaya ta ishi wanda ke ba ka ya fasa. Yau kowa na maganar dogaro da kai, a rediyo, a taro, a jikin riguna. To ga dogaro da kai nan yana zuba daga bisa itace a farfajiyar lakwal da bakin kasuwa. In da gaske ake, a nan ya kamata a gani.

Yanzu bari in juyo kanmu, don akwai masu ɓata wannan magana fiye da masu raina ta. Ina nufin masu lasifika a kasuwa da likitocin WhatsApp, masu cewa dogon yaro na maganin cuta arba'in, a dafa ganye a ɗura wa yaro, ba sai an je likita ba. Ku ji tsoron Allah. Zazzaɓin cizon sauro kan iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk sa'ar da uwa ta ɓata tana jiran tasirin jiƙo, daga ran ɗanta aka cire ta. Man dogon yaro kuwa guba ne ga jarirai. Likitoci a Malesiya sun rubuta tun 1981 yadda yaran da aka ɗura wa shi suka kama amai da jijjiga, hanta da ƙwaƙwalwa suka taɓu, wasu suka rasu. Abin da nake kira a kai, a cikin kududdufi ake zuba shi. Yaro mai zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa ranar da ya fara, kuma tun 2006 doka ta ce duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne. Inda aka ce babu magani ko sai an biya, wannan wani faɗan ne da za mu yi a ranarsa.

Hayaƙi ma a san iyakarsa. Iyayenmu na turara ganyen bedi, da doddoya, da nobe, akwai ma ciyawar da Bahaushe ya raɗa wa suna sarakuwar sauro, don sauro na kauce mata kamar yadda suruki ke kauce wa surukarsa. Suna korar sauro, ba musu, amma na ɗan lokaci ne. Hayaƙin kan mutu kafin tsakar dare, sauron maleriya kuwa a lokacin yake fitowa aiki. A turara don hira, a shiga sange don barci. Duk da haka na fi yarda da hayaƙin doddoya sau dubu bisa abin da ya maye gurbinsa a ɗakunanmu. Fiya-fiya da ake sayarwa cikin ƴan kwalabe babu suna babu awo, maganin ƙwarin gona ne, ana yayyafa shi ƙarƙashin gadon da jariri ke kwance, a rufe ƙofa. Igiyar leko kuma, wani bincike na 2003 ya gano ƙurar hayaƙin guda ɗaya ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137. Waɗannan ba mai taɓe musu baki, tunda daga kanti suka fito.

Saura matsala biyu na gaske da suka shafi Tenhiya musamman, kuma ba zan tsallake su ba. Ta farko, dogon yaro ba shi da yawa a dajin makiyaya. Itacen gari ne, yana Tanut, yana Belbeji, yana manyan ƙauyukan kudu, yana cike da birnin Damagaram. Amma ƙwallo busasshe ba ya da wuyar ɗauka. Motar da ke kai gero da sukari kasuwannin arewa ba za ta gaza da buhu biyu ba. Tsarin saye daga hannun mata ma ba sai an ƙirƙiro shi ba: kamfanin Sahara Sahel Foods na Damagaram ya yi shekaru yana sayen aduwa da hanza da sauran ƴaƴan itacen daji daga matan karkara, gidauniyar Eden kuma ta daɗe a Dalli kusa da Tanut tana aikin shuka itatuwa da manoma. Wanda ya iya tattara hanza zai iya tattara bedi. Matar da ta tsinci tiya goma ta samu na cefane, garin can ya samu na zubawa.

Ta biyun ta fi nauyi. A yankin makiyaya, tabki rai ne. Daga shi shanu da raƙuma ke sha, daga shi mata ke ɗiba, wani lokaci shi ne ruwan shan gida gaba ɗaya. Ba wanda ke da ikon zuwa ya barbaɗa wani abu cikin tabkin jama'a don ya karanta rubutu a Facebook, har da wannan nawa. Gaskiya ne awaki da raƙuma na cin ganyen bedi su kwana lafiya, amma wannan bai isa hujjar a zuba garin ƙwallo cikin ruwan da mai ciki za ta sha ba. A fara da ruwan da ba mai sha: ramukan bulo, ramukan titi, caɓin bakin rijiya. Wanda za a iya cikewa da ƙasa a cike shi, ya fi kowane magani. Manyan tabkuna kuwa sai masana sun auna, likitocin dabbobi sun duba, ardo da hakimai da masu dabbobin sun zauna sun yarda. Haka batun aduwa, wadda ita ce ke da yawa a dajinmu. Tun 1933 wani likita a Sudan, Archibald, ya nuna ƴaƴanta na kashe dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, gwaje-gwajen ɗakin bincike kuma sun nuna tana kashe tsutsar sauro. Sai dai tana kashe kifi da talibambam ma, ga shi abinci ce gare mu. Aikin jami'a ne ta gaya mana nawa, a ina, yaushe. Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram, tafiyar ƴan sa'o'i daga Tanut. Ɗalibai nawa ne ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai?

Makiyaya ma suna da nasu dalilin shiga wannan magana, bayan na ƴaƴansu. A daminar 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa. Sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, tumaki da shanu suka yi ta ɓari, mutum sama da 30 suka rasu, akasari makiyaya. Dajinsu da namu iri ɗaya ne, dabbobinmu na haɗuwa a mashaya da kasuwa. Kuma ruwan sama ya fara yi mana ba-zata. Kowa ya tuna daminar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar. Shekarar da ruwa ya yi yawa a arewa, zazzaɓi kan faɗa kan mutanen da jikinsu bai saba da shi ba, manya da yara.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kantomomin Tenhiya da Tanut da Tarka su zauna da shugabannin lafiya na Tanut da Belbeji, a zaɓi ƴan garuruwa, wasu a zuba, wasu a bari don kwatantawa, kamar yadda aka yi da Banizumbu da Zindaru. A rubuta wa CERMES da hukumar yaƙi da maleriya ta ƙasa a nemi su turo mai tarkon sauro da wanda ya san awon garin, tunda adadin da aka zuba yana cikin rahoton 2008. A wannan karo a ƙirga har da yaran da gwaji ya nuna sun kamu, rajistar tana nan a kowace likita. A ɗauki matasa biyu ko uku a kowane gari, kowa da ramukansa, Litinin da Alhamis, a biya su ko da kaɗan ne, don aikin sa kai na wata uku a tsakiyar noma ba ya ɗorewa, kowa ya sani. A ƙarshen Oktoba a karanta sakamakon a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamashek, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In bai yi aiki a ƙasarmu ba, mun sani, mun huta, asararmu ƴan buhunan abin da da ma juji za shi.

Mu kuma kar mu zauna jiran takardar kantoma. Duk mai dogon yaro a gida ko a lakwal ko a masallaci, idan ƴaƴan sun nuna sun zubo, a hana sharewa. A tsince, a wanke ɓargon, a shanya a inuwa har su bushe ƙarau, don rana na cinye ƙarfinsu, damshi kuma na sa su funfuna. A zuba cikin buhun da iska ke shiga, ban da leda, a ajiye inda yara ba sa kaiwa. Kar a daka sai ranar da za a zuba, turmin kuma a ware shi daban da na abinci. Kowace unguwa ta san tiya nawa ta tara, a kai lissafin wurin mai gari, a haɗa da jerin ramukan da ke riƙe ruwa fiye da mako guda, shi kuma ya miƙa wa kantoma da majon likita kafin ruwan farko ya sauka.